Tsohon Rumbu Ma Aji Ne

Tun da aka fara maganar gina sabon sito na bulo da kwano a makarantarmu, ra'ayi ya rabu biyu a kan tsohon rumbun laka da ke bayan kicin. Wasu sun ce a rushe shi a samu fili, tun da an daɗe ba a zuba kome a ciki ba, jinkarsa ta zube, gefe guda kuma ya tsage har ƙadangaru sun mai da shi gidansu. Wasu sun ce a ƙyale shi kawai, ruwan sama zai gama da shi. Mu da muka shirya wannan shafi muna roƙon hukumar makaranta da dattawan Ikkilisiya su duba wata hanya dabam: a gyara shi, a zuba masa hatsi, a mai da shi wurin koyo ga ɗalibai da mutanen gari.

Ba mu ce kada a gina sito ba. Makaranta mai ɗalibai da yawa tana bukatar ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, inda za a jera buhunan shinkafa da masara a ƙirga su. Rumbu ɗaya ba zai ci da mu zango guda ba. Amma abin da ke cikin wannan rumbu ya wuce hatsi, kuma ba za a same shi a sito ba.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu nawa ne suka taɓa ganin an gina rumbun laka daga tushe har baki? Yawancinmu 'ya'yan manoma ne daga Jega, Aliero, Maiyama da ƙauyukansu, amma buhu muka tashi muka gani. Irin wannan babba na laka shi ne ake kira rufewa, tsofaffinmu na nan kuwa su ce ruhewa. Magini yakan fara jera manyan duwatsu, ya ɗora ƙasan rumbun a kansu, don kada danshi ya hau, iska kuma ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, in gara ta fara hawa a gan ta da wuri. Yakan kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana, a sake tattakawa. Sa'an nan ya riƙa ɗora ta zagaye bayan zagaye, ba ya ƙara wani sai na ƙasa ya sha iska. Ba tubali, ba katako, ba ƙusa ko ɗaya. Cikin yana buɗewa kamar tulu, ya tsuke a sama, a bar baki daidai shigar mutum, a kifa masa jinka. Bangon bai cika kauri ba, amma yana ɗaukar nauyin dami masu yawa shekara da shekaru.

Duk wannan darasi ne da muke haddacewa a aji ba tare da mun gani ba. Malamin lissafi ya koya mana cewa in tsawon bango ɗaya ne, da'ira ta fi kowace siffa ɗaukar fili. Maginin da bai taɓa riƙe alli ba ya san haka, shi ya sa bai yi rumbunsa mai kusurwa huɗu ba. Malamin kimiyya ya ce laka da ciyawa ba sa saurin wuce da zafi, ƙarfe kuwa yana yi. Wanda ke shakka ya shiga ɗakin kwano da tsakar rana a watan Afrilu, ya fito ya zura hannu cikin rumbu. Malamin aikin gona ya ce hatsin da bai bushe sosai ba shi ke yin fumfuna. Iyayenmu suna barin gero ya bushe a gona, su ɗaure shi dami dami, su zuba shi da zangarniyarsa, ba a sussuka sai wanda za a ci. Wake kuma a cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi don ƙwari su rasa wurin motsi. Gani ya kori ji.

Har sabon ilimi ma yana da wurin zama a gindin rumbun nan. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, ba magani a cikinsa. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje. In an ɗaure da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su shanye iskar da ta rage, su mutu. Da a ce akwai wurin da manomi zai zo ya ga wake na toka, da na buhun PICS, da wanda aka bari haka nan, a buɗe su gabansa bayan wata biyar, da an rage masu barbaɗa guba a abincin da yara za su ci. Manoman albasa na Aliero ma suna da tasu damuwar, don kowace shekara albasa mai yawa tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a Aliero a 2006, nan kusa da mu. Ba abin kunya ba ne mu gayyaci malamanta su zauna a tabarma ɗaya da tsofaffin magina.

Masu cewa tsohon gini ba ya da amfani, su je Argungu. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ta daina zama fada a 1942, lokacin da aka koma sabuwa. Ba a rushe ta ba. A 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi na Kanta, inda har yau ɗalibai ke zuwa su ga masu da takubba da tambura da kayan su. A Kano ma Gidan Makama ya zama gidan tarihi. A Jos kuwa sai da aka nemo magina suka sake gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya da wani sashe na ganuwar Kano, don a ga yadda ake yi. Mu namu na ainihi ne, yana tsaye a bayan kicin, muna shawarar sa masa diga.

Sai dai akwai inda muka bambanta da waɗancan wurare. Takobi yana iya kwana shekara ɗari a cikin gilashi. Rumbu ba haka yake ba. In ba a yi masa yaɓe, ba a sabunta jinka, ba mai leƙa shi, damina biyu ko uku sun ishe shi. Kuma mutum ba ya kula da rumbun da ba kome a ciki. Saboda haka in za a gyara, to a zuba.

Me za a zuba? Kakanninmu suna da abin da suke kira rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai rana ta ɓaci. Sun koyi haka da wuya. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta kashe mutane da yawa a ƙasar Hausa, kuma a cikin dattawan Ikkilisiyarmu akwai waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. A Farawa sura 41 mun karanta yadda Yusufu ya sa aka tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi bakwai. Maƙwabtanmu Musulmi sun san labarin nan sarai, har a nasu Littafin an ambaci barin hatsin cikin zangarniyarsa. Muna ganin gonar makaranta da baikon kaka za su iya cika wannan rumbu da gero da dawa, a rufe, kada a buɗe sai Yuli ko Agusta, sa'ad da na gida ya ƙare, sabo bai nuna ba, mudu ya yi tsada. A lokacin a auna wa gwauraye da marayu da tsofaffi na unguwa, ba tare da an tambayi ina mutum yake sujada ba. Wani zai tuna mana da mai arzikin nan na Luka sura 12. Mun tuna da shi. Shi rushe rumbunansa ya yi niyya don ya gina manya ya tara wa kansa shi kaɗai.

Akwai maganar ɓera da ɓarayi da gobara, kuma gaskiya ce. Ɓera kan shiga inda aka bar ciyawa da tarkace a gindin rumbu, don haka share wurin ya zama aikin aji guda kowane mako. Maigadi yana kwana kusa da kicin. Wuta kuwa dole a nisanta murhu da jinka. Kuɗin ma ba mai yawa ba ne. Ƙasa tana nan, ciyawa tana nan, hannuwa ɗaruruwa suna nan. Abin da za a biya shi ne ladan magini da abincinsa, kuma muna fata Zumuntar Mata za ta taimaka da tuwo kamar yadda ta saba.

Abin da ya fi damunmu shi ne maginan kansu. Waɗanda suka iya aikin nan sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo, don nan kuɗi yake, ba mu kuma ga laifinsu ba. Muna roƙo kada a ba da aikin kwangila a gama shi lokacin hutu. A nemo dattijo ɗaya ko biyu, a ba su girmansu na malamai, ɗalibai maza da mata su kwaɓa ƙasa su miƙa, 'yan aji biyar su rubuta kowane mataki da sunan kowane kayan aiki da Hausa, a ajiye a laburare.

Ginin laka aikin rani ne. In za a yi, sai a fara a Janairu ko Fabrairu, don bango ya bushe a ɗora jinka kafin ruwan farko. In kwamiti ya ɗage maganar zuwa zango na uku, tsagar nan ta gefen gabas, inda hadari ke bugowa, ba za ta kai kaka ba.