Ra'ayinmu: Jitar Andalus da Kukumar Gida

A hutun da ya wuce, ɗaya daga cikin masu shirya wannan mujalla ya halarci wani biki a Kurfi. Aka kwana uku ana shagali, amma bai ga ganga ko ɗaya ba. Wani yaro ne ya zo da lasifika a bayan babur, ya jona wayarsa, shi ke nan an sami makaɗi. Da wani dattijo ya tambaya ina mai kukumar da ya saba zuwa bukukuwan gidan, sai aka ce masa ai ya tsufa, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya yarda ya gaje shi. Wannan labari ne ya sa muka ɗauko zancen wani faifai na ƙasar Sifen, ko da yake mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada.

Sunan faifan Zyryab, ya fito a 1990. Mai shi kuwa Paco de Lucía ne, gwanin jita a kiɗan filamenko, watau kiɗan gargajiya na Andalus da ke kudancin Sifen. A cikin faifan ya gayyaci Chick Corea, Ba'amurke mai kiɗan jaz, ya buga masa fiyano. Ga sarewa, ga jita mai lantarki. Ga kuma wani akwatin katako da ake zama a kansa ana kaɗawa, wanda asalinsa na jikokin bayin Afirka ne a ƙasar Peru. Paco ne ya gan shi can, ya kawo shi gida, har yau ga shi ya zauna daram a cikin filamenko kamar da shi aka fara. Sunan faifan ma aro ne. Ziryab laƙabin wani mawaƙi ne da ya taso daga Bagadaza, ya isa birnin Kurɗuba a shekara ta 822, zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus, kuma shi ake cewa ya ƙara tsirkiya ta biyar a molon Larabawa.

Masu ra'ayin riƙau na ƙasarsa sun zarge shi da ɓata kiɗan iyaye. Amma duk wanda ya saurari faifan, ko bai san komai game da Sifen ba, zai gane wane ne mai gida, wane ne baƙo. Fiyano ya shigo ya yi gaisuwa, sarewa ta zaga, daga ƙarshe kowa jitar yake bi. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. An haifi Paco a 1947 a garin Algeciras, gidan makaɗa, kuma tun yana ƙarami ubansa ya ɗora shi a kan jita, yana wuni yana bugu. Sai da ya iya kiɗan gidansu ciki da waje, sa'an nan ya buɗe wa baƙi ƙofa. Haka ya yi har ya rasu a 2014.

Kada a ce wannan sai Turawa. A 1988 ƙungiyar filamenko mai suna Ketama ta haɗu da Toumani Diabaté na ƙasar Mali, gwanin kora, suka yi faifai mai suna Songhai. Toumani bai ajiye korar kakanninsa ya ɗauki jita don ya burge su ba. Da ita ya je, don ita kuma aka neme shi.

To, mu fa, da me za mu je?

Ba mu rasa abin zuwa da shi ba. Daga Musawa, nan kusa da mu, Alhaji Mamman Shata ya fito, kuma da kalangu kaɗai ya cika ƙasar Hausa har ya rasu a 1999. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A Funtuwa Barmani Coge ta nuna abin da ƙwarya za ta iya. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Ga kukumar Garba Supa da Hassan Wayam, ga gurmin Haruna Uje. Amma tun daga shekarun 1990, sa'ad da waƙoƙin fim suka kankama, sai fiyano mai lantarki ya haɗiye su duka. Mutum ɗaya ya danna maɓalli, na'ura ta kwaikwayi kalangu, ta kwaikwayi sarewa, a ɗora karin waƙar Indiya a kai. Ba mu ce babu daɗi ba. Mu ma muna saurara a ɗakunan kwananmu. Abin da muke cewa shi ne wannan ba gauraya ba ce. Ana gauraya ne in kowa ya kawo nasa. Mu namu muka ajiye, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Laifin ba na matasa kaɗai ba ne, kuma a nan ne ya kamata mu 'yan boko mu faɗa wa kanmu gaskiya. Al'adarmu ta daɗe tana kallon kiɗa a kan sana'ar roƙo, wadda ɗan mutunci ba ya taɓawa. Ɗalibi zai rataya jita ya ratsa jami'a yana taƙama, amma in aka gan shi da gurmi sai a fara tambayar asalinsa. Ɗan mai kukumar nan na Kurfi ya san haka sarai. Ya ga yadda ake yi wa ubansa liƙi da daddare, da safe a hana shi auren 'yar gidan. Wa zai ga laifinsa don ya zaɓi acaba?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, in lokacin makon al'adu ya zo, kada a tsaya ga sa babbar riga da ɗaukar hoto. A nemo makaɗan da suka rage a Kurfi da Birci da Dutsin-Ma da ƙauyukansu, a biya su hakkinsu kamar yadda ake biyan mai lasifika, ko fiye. A ɗauki kiɗansu a na'ura, a tambaye su yadda ake ɗaure tsarkiyar kukuma da irin fatar da ake rufa ta da ita, a ajiye a ɗakin karatu. Su kuma abokanmu masu fiyano da kwamfuta, a zaunar da su tabarma ɗaya da dattawan nan, su yi kiɗa tare, amma mai kukuma ne zai ba da kari, su bi. Mujallar nan ta yi alkawarin ba da shafi guda a fitowa ta gaba ga duk ɗalibin da ya koma garinsu ya rubuto mana tarihin makaɗin unguwarsu, da sunan wanda ya koya masa.