Ba Koci Kaɗai Ke Da Laifin Rashin Cin Ƙwallo Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, mu masu sha'awar ƙwallon ƙafa, wato da zarar 'yan wasan gaba sun kasa jefa ƙwallo a raga sai kowa ya ce a kori koci. Ni dai manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda a nan garinmu Lambara, karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka masana su yi mini afuwa inda na yi kure.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gabana ya faru. Muna da ƙungiyar samari a garin nan, ɗana na fari yana cikinta, shi ke buga lamba 9. Mai horar da su wani malamin makaranta ne wanda ba a biyansa ko sisin kwabo, hasali ma ƙwallo biyun da suke atisaye da su daga albashinsa ya saya. Bayan an kai gero da dawa rumbu sai aka shirya gasa tsakanin garuruwan da ke kewaye da mu, na wajen Boɗinga da na wajen Shagari. Yaranmu suka buga wasa 3 ba su ci ƙwallo ko ɗaya ba, aka fitar da su. Ranar wasan ƙarshe ina bakin fili da teburina na rake da gyaɗa, sai na ga samari sun yi wa malamin nan caa, wani har yana cewa, "Wanga malam bai san komi ba, shi ya kashe muna wasa!" Bawan Allahn nan bai ce uffan ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi, kuma tun daga ranar bai sake taka filin ba. Yau ga shi babu atisaye, babu ƙungiya, yaran da ke guje-guje a fili bayan la'asar sun koma zaman bakin titi.

Ni kuwa na san abin da masu ihun ba su faɗa ba. Yaron da ya fi kowa iya raba ƙwallo a tsakiya ya tafi ci-rani Kudu ana saura mako guda a fara gasar. Rabin sauran ba a ganinsu sai ranar wasa. Kuma ɗan cikina sau biyu yana samun dama daga shi sai gola, yana ɗaga ƙwallo sama kamar mai korar tsuntsu a gona. Da muka koma gida na ce da shi, "Kai, malam ne ya riƙe maka ƙafa?" Sai ya sunkuyar da kai.

To, Malam Edita, wannan hali ba a ƙauye yaran nan suka ƙirƙiro shi ba, daga sama suka koya. Mu duba abin da ya sami ƙungiyar ƙasa ta Super Eagles a wasannin share fagen shiga gasar cin kofin duniya ta 2026, waɗanda na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu a rediyo, wasu a gidan kallo. A watan Nuwamba na 2023 mun yi kunnen doki 1 da 1 da Lesotho a Uyo, muka sake yin 1 da 1 da Zimbabuwe. Koci a lokacin shi ne Jose Peseiro, ɗan ƙasar Fotugal. Ya tafi, aka naɗa ɗan gida Finidi George a watan Afrilun 2024. Shi ma ya yi 1 da 1 da Afirka ta Kudu a Uyo, sannan Jamhuriyar Benin ta doke mu da ci 2 da 1 a Abidjan ranar 10 ga Yuni. Wasa 4, ƙwallo 4, maki 3 kacal daga cikin 12. Finidi ya ajiye aiki a wannan wata, bai ko cika wata biyu ba.

Abin dariya, abin kuma takaici, wane ne kocin Benin ɗin da ya doke mu? Gernot Rohr ne, mutumin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, NFF, ta sallama a watan Disamban 2021 saboda jama'a sun ce wasansa babu armashi. An kore shi don a gyara, amma watanni uku bayan haka, a ƙarƙashin Augustine Eguavoen, sai muka tashi babu ci da Gana a Kumasi, muka yi 1 da 1 a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, wannan ɗayar ma da bugun fenareti aka samu. Muka rasa zuwa Katar, 'yan kallo suka huce haushinsu a kan filin wasan Moshood Abiola. Idan da korar koci ita ce maganin rashin cin ƙwallo, ai da tuni mun warke.

Ga wani abu da ya kamata masu cewa a kori koci su lura da shi. A wasannin nan 4 na farko Victor Osimhen bai buga ko ɗaya ba saboda rauni. Da aka ɗauko Eric Chelle, tsohon kocin Mali, a watan Janairun 2025, shi kuma Osimhen ya dawo, sai muka ci Ruwanda 2 da nema a Kigali, shi ya ci duka biyun. A wasan ƙarshe na rukuni, watan Oktoban 2025, muka lallasa Benin 4 da nema a Uyo, shi ya ci 3. A cikin wasanni 10 na rukunin, guda 5 aka buga babu shi, kuma ba mu yi nasara a ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali kuwa koci daban-daban har 3 ne suka jagoranci wasannin biyar ɗin. Aka tashi Afirka ta Kudu tana da maki 18, mu muna da 17. To yanzu don Allah ciwon a ina yake, a kan kujerar koci ko a cikin fili?

Amma kada wani ya ɗauka ina nufin koci ba shi da laifi ko kaɗan. Yana da shi, kuma zan faɗa, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Koci shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke tsara inda kowa zai tsaya, shi ke canji idan wasa ya cije. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, Peseiro ya zaɓi ya tara mutane a baya. Mun kai wasan ƙarshe, gaskiya ne, amma ƙwallo 8 muka ci a wasa 7, Osimhen guda ɗaya tak ya ci, alhali a lokacin shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka, kuma ɗan baya William Troost-Ekong ya fi shi ci, don shi 3 ya ci. Wannan zaɓin koci ne. Da aka je gasar Maroko a ƙarshen 2025 zuwa farkon 2026, akasarin 'yan wasan su ne dai, amma da Chelle ya sake musu mara suka riƙa kai hari, sai ga ƙwallo 14 a wasa 5 na farko. Ka ga ashe tsarin koci yana ƙara ci, yana kuma rage shi.

Haka kuma ranar 16 ga Nuwamban 2025 a Rabat, wasan da ya raba mu da kofin duniya. Frank Onyeka ya ci mana tun da aka fara, Kwango ta Kinshasa ta rama, sai aka cire Osimhen a hutun rabin lokaci saboda rauni. Daga nan har aka gama ƙarin lokaci gabanmu ya mutu murus, aka je bugun fenareti suka fitar da mu da ci 4 da 3. A nan kam ina ganin laifin koci, domin manomin da ya san san nomansa ɗaya ne, tun da rani ya kamata ya san abin da zai yi ran da san ya kwanta. Maimakon ya karɓi nasa kason, sai aka ji shi yana zargin mutanen Kwango da yin tsafi a bakin fili. Wannan magana ba ta dace da babba ba.

Sai dai kuma a tuna abin da ya faru a makon. Ana saura kwana biyu mu kara da Gabon, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus da suke bin hukuma. Duniya duk ta ji. Jama'a, ni da nake ɗaukar 'yan ƙwadago a gonata na san wannan. Idan ka hana ɗan ƙwadago kuɗin noman farko, ranar maimai ko ya zo, da rabin zuciya zai kama fartanya. Idan haki ya cinye gero, ba za ka kama wanda ka sa ya tsaya a kansu ka ce shi kaɗai ne mai laifi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ni a nawa ɗan lissafin na ɗan tireda, idan aka kasa laifin rashin cin ƙwallo kashi 10, koci ya ɗauki 3. Nasa shi ne zaɓen 'yan wasa, da tsari, da canji, da tanadin abin yi idan gwani ya ji ciwo. 'Yan wasa su ɗauki 3, domin koci ba ya shiga fili, kuma wanda ya tsaya gaban raga ya buga waje ƙafarsa ce. Ademola Lookman da ya ci ƙwallo 3 shi kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2024 ba ya bukatar a koya masa inda raga take. Shugabanni su ɗauki 3, su da ke ɗauko koci yau su sallame shi gobe, su riƙe haƙƙin ma'aikaci, su kuma bar wasan cikin gida ya lalace har ba ma samun masu raba ƙwallo irin su Jay-Jay Okocha da Sunday Oliseh. Ɗan gaba kamar ɗan kasuwa ne, sai an kawo masa kaya yake sayarwa. Kashi ɗayan da ya rage kuwa namu ne mu 'yan kallo, saboda gajen haƙuri da saurin zagi.

Tun da na ambaci haƙuri, bari in tuna wa matasa abin da ba su gani ba. Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya karɓi Super Eagles a 1989. A wasan farko na gasar Afirka ta 1990 Aljeriya ta yi mana ci 5 da 1. Da yau ne, kafin gari ya waye an haɗa masa kayansa. Amma aka bar shi, ya kai wasan ƙarshe a wannan gasa, ya zo na uku a 1992, sannan ya ɗauko kofin a Tunisiya a 1994 bayan an doke Zambiya da ci 2 da 1. A wannan shekara muka je kofin duniya karo na farko a Amurka, muka ci Bulgeriya 3 da nema, marigayi Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ya ci ta farko. A lokacin ina yaro, a gindin rediyon mahaifina na ji. Shekara 5 mutumin nan ya yi yana gini. Mu kuwa daga Disamban 2021 zuwa Janairun 2025 sau 5 kujerar koci tana canja hannu. Wanda ke tone shuka duk bayan kwana uku don ya ga ko ta yi saiwa, ina zai ga amfani?

Wani zai ce to idan koci ya gaza fa, sai a zuba masa ido? A'a. A ba shi wa'adi sananne, a biya shi haƙƙinsa da na yaransa a kan lokaci, a shirya masa wasannin gwaji, sannan a zauna a duba. Idan 'yan wasa suna samun dama suna zubarwa, ba laifinsa ba ne. Idan kuwa an yi wasa bayan wasa ƙwallo ba ta ko isa wurin ɗan gaba, kuma bai sauya komai ba, to sai a sallame shi cikin mutunci, ba da jifa ko zagin iyaye ba.

Daga ƙarshe ina kira da babbar murya ga hukumar NFF da hukumomin wasanni na jihohi, musamman tamu ta Sakkwato, da su daina mayar da koci abin share hannu duk lokacin da jama'a suka fusata. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Ina kuma kira ga ƙananan hukumominmu da masu hannu da shuni su taimaka wa masu horar da yara a karkara, ko da ƙwallo ce da riguna. Su kuma samarin garinmu, ina roƙonsu su tashi su je har gida su ba malaminsu haƙuri. Ni ma zan raka su, ɗana a gaba, tun da shi ya ɓarar da biyu. Kofin gasar dai ya riga ya wuce, amma zaman banzan da yaran nan suka shiga shi ne abin da ke hana ni barci.

Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya sa mu riƙa yin adalci ko a cikin wasa, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Lambara, Jihar Sakkwato.