A koyar da masu shara a Arlit kafin a miƙa musu tsintsiya

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili don in yi magana kan ma'aikatan kamfanonin share-share da ke karɓar kwangila a Arlit da Akokan.

Tun 1971 ake haƙo yuraniyam a nan. Ko da mahaƙar COMINAK ta rufe a watan Maris 2021, tulin dusar ma'adinin na nan bayan gari, iska na kwasowa. Ƙurarmu ba irin ta Agadas ko Maraɗi ba ce.

Ƙanwata na aiki da wani irin wannan kamfani. Ranar da aka ɗauke ta, tsintsiya da bokiti kawai aka miƙa mata. Ba wanda ya ce mata ta yayyafa ruwa kafin ta share, ko ta bar kayan aiki a can, kada ta kai gida ta wanke tare da na yara. Takunkumi ɗaya take maimaitawa har ya yi ja. Abokiyar aikinta kuwa ta haɗa ruwan jabel da sinadarin wanke masai, tururin ya sa ta wuni tana tari. Laifin wa? Ai ba a koya mata ba.

Ma'aikatan rami suna samun horo, har da na'urar auna tururin yuraniyam a jiki. Mai shara ma ai ƙurar take shaƙa.

Ina kira ga sufeton aiki da asusun tallafa wa horon sana'a na FAFPA su tilasta horo kafin fara aiki, da Hausa da Tamashek, tunda yawancin matan nan ba sa karanta Faransancin da ke jikin kwalabe.

Mai karatunku,
daga Akokan, Arlit