Sunayen biranen littattafan yaƙi: Yaya za mu furta su?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da na tarar 'ya'yana suna yi a zaurenmu da ke Ƙofar Na'isa. Littafin yaƙi suke karantawa, irin mai aljanu da matsafa, sai suka ci karo da sunan wani birni da marubucin ya ƙaga. Wannan ya ja wasalin farko, wancan ya gajarta shi, kowa ya kafe. Da suka kawo mini ƙara, ni ma na kasa yanke hukunci.

Laifin ba na yaran ba ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, balle karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, jimla ce ke raba su. To, sunan da kunne bai taɓa ji ba fa, me zai fayyace shi? Bagaja ta Abubakar Imam ta tsira ne saboda tun 1934 malamai ke furta ta a aji. Ko Na'isa tamu, idan aka yar da hamza aka rubuta Naisa, gaɓa biyu baƙo yake yi mata maimakon uku.

A 1955 Tolkien, marubucin Ingila, ya liƙa bayanin furucin sunayen da ya ƙirƙira a ƙarshen littafinsa. Ina ganin marubutanmu su ma su ware shafi guda, su ce suna kaza a faɗe shi kamar kalma kaza. Mai karanta littafi a rediyo ya fi kowa bukatar wannan shafi, domin yadda ya furta haka masu sauraro za su ɗauka.