Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kantomomi da magadan garin Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Duk unguwar da aka ja wa tiyon ruwan famfo, murna take. Abin da ya dame ni shi ne ramin da ake rufewa bayan an shimfiɗa tiyon.

Yawancin ƙasarmu jigawa ce. Siririn rami mai faɗin santimita 40 ko 50, in aka tura masa yashi da shebur gaba ɗaya aka baje samansa, ido zai ce aiki ya ƙare, alhali cikinsa sakwa-sakwa yake. Da ruwan Agusta ya ratsa shi sai yashin ya zauna, wurin ya lotsa, ruwa ya samu hanya ya bi layin yana zaizaya. Ƙafar amalanke ta faɗa, mai babur ya kife, tiyon robar da ba shi da matokari a gefe ya tsage. Inda rami ya ratsa ko ya raɓi babbar hanya ta RN1, wadda ta bi ta garuruwan nan uku, nauyin manyan motoci ne ke ƙarasa ɓarnar.

Maganin ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki sun san shi: kaɗan-kaɗan, da yayyafin ruwa, da duka. A fara shimfiɗa tankaɗaɗɗen yashi kamar santimita 10 ƙarƙashin tiyo, a cusa shi gefe da gefe da madaɓin hannu. Nan ne aka fi ha'inci, don wurin matsattse ne kuma ba mai gani. Daga nan a riƙa zubawa santimita 15 zuwa 20, a jiƙa sosai, a daɓe, sannan a ƙara. Kada injin daɓe ya hau sai yashi ya rufe tiyon da aƙalla santimita 30. A shimfiɗa ragar gargaɗi tsakanin tiyo da saman rami, shuɗiya ga ruwa, ja ga lantarki, saboda mai haƙa na gaba.

Roƙona biyu ne. Na farko, ku sa waɗannan ƙa'idoji a rubuce cikin takardar kwangila, kuma ma'aikacinku ya tsaya bakin rami ranar da ake cikewa, tun ana iya ganin ciki. Na biyu, kuɗin lamunin da ake riƙe wa ɗan kwangila kada a sake su sai damina guda ta wuce a kan aikin, an bi layin da ƙafa tare da mai unguwa. Inda ya lotsa, mai aikin ya tone ya sake da kuɗinsa.

Wassalam,
Wani ɗan jihar Maraɗi