Matakalar Injiniyan Jirgin Ruwa Ba Ta Hawuwa Daga Kan Tudu

Duk wanda ya zauna a Apapa, ko Fatakwal, ko Wari, ko Kalaba, ya san yawan mutanen Arewa da ke neman abincinsu a bakin tashar jiragen ruwa. Akwai direbobin manyan motoci da na tankokin mai, akwai 'yan dako da masu gadi da fatake. Amma da wuya a ji uba yana fatan ɗansa ya shiga cikin jirgin kansa, ya sauka ɗakin inji, ya yi ta hawa har ya zama babban injiniya. Alhali kuwa cikin jiragen farko da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa ya mallaka bayan kafa shi a 1959 akwai mai suna Dan Fodio, akwai kuma El Kanemi. Ashe tun farko ba a ware kowa daga teku ba.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a 1978 game da horon ma'aikatan jirgi, wadda ake kira STCW, aka yi mata gyara a 1995, aka sake wani a Manila a 2010. A Nijeriya hukumar NIMASA ke ba da takardun shaidar ƙwarewa bisa wannan ƙa'ida.

Matakin farko shi ne na injiniya mai tsaron inji. Ba a ba wanda bai cika shekara 18 ba. Ɗalibin da ya bi ta makarantar da aka yarda da ita tilas ya haɗa wata 12 na aikin hannu da zaman jirgi, a ciki har da wata 6 yana tsaron inji a ƙarƙashin wani ƙwararre. Mataki na biyu, watau injiniya na biyu a jirgi mai ƙarfin kilowat 3,000 ko fiye, yana bukatar ƙarin wata 12 a teku bayan samun takardar farko. Babban injiniya kuwa sai ya cika wata 36, ko da yake akan rage zuwa 24 ga wanda ya yi 12 daga ciki yana injiniya na biyu. Kowane mataki da jarrabawarsa, a kan zafi da tururi, da lantarki, da ginin jirgi, da kashe gobara. Bayan haka duk shekara 5 sai an sabunta takardar.

To, a nan gizo ke saƙar. Karatu ana iya yinsa a kan tudu, a makarantar Oron ta Jihar Akwa Ibom ko wata irinta, amma watannin teku ba a sayensu a kasuwa, ba a kuma koyonsu a aji. Sai an sami jirgi. A 1979 kamfanin ƙasa yana da jirage 24, ɗalibai kuwa a cikinsu suke cika watanninsu. Da aka rushe kamfanin a 1995, sai wannan ƙofa ta rufe. Tun daga nan samari da dama suka gama makaranta suka zauna shekara da shekaru riƙe da difloma, ba su da ikon zama jarrabawar matakin farko, balle na sama. Shirin tura ɗalibai ƙasashen waje da NIMASA ta ƙaddamar a 2008 shi ma ya ci karo da wannan matsala.

Dokar 2003 ta tanadi cewa jiragen da ke jigila tsakanin tashoshin ƙasar nan su zama na 'yan ƙasa, ma'aikatansu kuma 'yan ƙasa, sai in babu ƙwararru sa'an nan a yi rangwame. Amma yaya za a sami ƙwararru in ba a buɗe wa ɗalibai ɗakin inji ba? Dokar ta kuma kafa asusun taimaka wa 'yan ƙasa su sayi jirage, ga shi an cika shekara 20 a 2023 ba a raba kuɗin ba. Lalle ya kamata Gwamnatin Tarayya ta mai da ɗaukar ɗalibai sharaɗi ga duk jirgin da ya nemi rangwame. Gwamnatocin jihohin Arewa su ma, in za su biya wa yaro kuɗin wannan karatu, to, su biya har da na zaman jirgi, don rabin hanya ba tafiya ba ce.

Shi ma saurayin da Allah ya ba gurbi yana da nasa nauyin. Kafin ya sa hannu ya tambayi ƙarfin injin, domin watannin da aka yi a ƙaramin jirgi ba lalle su kai shi ga takardar manyan jirage ba. Ya tabbata an buga hatimi a littafinsa ranar shiga da ranar sauka, ya kuma karɓi takardar shaidar aiki daga hannun babban injiniya kafin ya bar jirgin. Wata ɗaya da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Ya kuma guji masu cewa za su samo masa takarda ta bayan fage, don inji ba ya karɓar cin hanci, rayukan mutane kuma suna wuyan mai tsaronsa.

Saura iyaye da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu. Yaron da ba shi da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya da Turanci ba zai ko leƙa ƙofar wannan makaranta ba, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Uban da ya shekara yana jiran lodi a bakin tasha ya fi kowa sanin abin da jirgi ke kawowa. Ya dace ya bar ɗansa ya gama sakandare, ko ba komai wata rana a ji sunan yaron cikin masu tuƙa injin da ya kawo kayan.