Direba Ba Boka Ba Ne: Batun Ƙafar Kira a Na'urorin Jin Motsi

Wayoyin zamani suna ɗauke da 'yar ƙaramar na'ura mai jin motsi, wadda ke sa hoto ya juya idan an karkata waya, take kuma ƙirga takun mai tafiya. Domin kada ƙwaƙwalwar waya ta riƙa leƙa ta a kai a kai tana cinye batir, na'urar kan aika kira ta wata ƙafa tata idan bayanai sun taru. Manhajar da ke shiga tsakanin na'urar da babbar manhaja, wato direba, ita ke saita wannan ƙafa. Matsayin wannan maƙala shi ne, bai kamata direba ya yi saitin bisa hasashe ba.

Na'urori irin su LSM6DS3 na kamfanin STMicroelectronics da BMI160 na Bosch suna da ƙafafun kira biyu, INT1 da INT2. Wanda ya ƙera faifan da aka dasa na'urar a kai shi ke zaɓar wadda zai haɗa da ƙwaƙwalwa. Shi ya san ko kiran na zuwa ne da hawan wuta ko da saukarta, da kuma ko layin na haɗaka ne da wasu na'urori. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ne Linux ta tanadi kundin bayanin kayan na'ura, inda ake rubuta waɗannan abubuwa direba ya karanta.

Matsalar tana tasowa ne idan kundin ya yi shiru. Direban na'urorin LSM6DS yakan duba lambar da aka ba st,drdy-int-pin, 1 ko 2. Idan bai samu ba, sai ya ɗauki ƙafa ta farko. To, idan ta biyu aka haɗa, na'urar za ta amsa duk lokacin da aka tambaye ta, amma kiranta ba zai taɓa isa ba, kuma babu saƙon kuskure da zai nuna dalili. Injiniya kan ɓata kwanaki yana zargin na'ura lafiyayyiya.

Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi: tsofaffin faifai sun dogara da zaɓin ƙafa ta farko, kuma Linux ba ta yarda sabon gyara ya kashe abin da ke aiki. Hakan gaskiya ne, a bar musu. Sai dai wannan uzuri bai shafi sababbin direbobi ba. Ya dace a wajabta musu samun sunan ƙafa a fili, su kuma ƙi kunna kira tare da bayyana dalili idan babu. Haka nan, a daidaita hanyar ambaton ƙafar, domin direban BMI160 da sunanta yake gane ta, na LSM6DS kuwa da lamba. Kuskuren da ya bayyana ran farko ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya ɓuya har kaya suka shiga kasuwa.